Kwana na 43: Leda ɗaya da rabi

Talata, bayan isha'i.

Ƙarfe uku da wani abu na dare na farka, ban san abin da ya tashe ni ba. An ɗauke wuta, fanka a tsaye, ba a jin komai a ɗakin asibitin sai numfashin mutane da kukan sauro. Na miƙa hannu ƙarƙashin gado inda nake ajiye butar alwala, na ji wayam. Da na haska fitilar waya sai ga Umma zaune a bakin gado, ta kafa kai a butar.

Ban san lokacin da na fizge ta ba. Ruwan ya zube mata a zani. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, don kada ta tashi maƙwabta, "Ke, shekara biyu ina shayar da ke, ban taɓa auna miki ba." Ta kwanta ta juya fuskarta bango. Ni kuma na zauna a kan tabarma da buta a hannu har aka kira assalatu.

Tun ranar da aka ce ƙodar Umma ta daina aiki, ruwan da za ta sha a yini aka ƙayyade. Dokar likita ita ce a auna fitsarin da ta yi jiya, a ƙara mililita 500 a kai, shi ke nan rabonta na yau. Jiya 250 ta yi. Wato ledar fiya wata ɗaya da rabi, daga asuba zuwa asuba, kuma a ciki ake lissafa koko da shayi da romon miya da ruwan haɗiyar magani. A watan Afrilun Kano, da ko lafiyayye yakan shanye leda uku a zama ɗaya. Abin da ya wuce wannan ba shi da hanyar fita, sai ya taru a ƙafa, ya taru a fuska, ya haura huhu. Haka muka kawo ta daga Haɗeja, a zaune a bayan mota don ba ta iya kwanciya, tana jan numfashi kamar wadda aka danna a kogi. Wanda ya ga wannan daren ba zai ce na yi rashin imani ba. Amma ita ba ta tuna daren. Ƙishirwar kawai ta sani, da kuma wadda ke hana ta.

Matar nan fa, tun ina yarinya akwai randa a ƙofar gidanmu, da moɗa a ɗaure da igiya. Kullum da safe sai ta sa an wanke an cika, don almajirai da 'yan garuwa da masu dawowa daga kasuwa. Ko bara da hawan jini ya fara kayar da ita, tambayarta ta farko in gari ya waye ita ce an cika randa?

Da asuba na miƙa mata dutsen taimama, ta karɓa ba tare da ta dube ni ba, ta yi sallarta a zaune. Na fitar da fo, na juye a robar awo, na rubuta a littafina. Littafin rubutun ɗalibaina ne mai shafi sittin, na ja masa layi biyu, abin da ya shiga da abin da ya fita. A layin shiga na daren jiya na sa alamar tambaya, don ban san nawa ta sha kafin in farka ba.

Sikeli ne ya faɗa. Yau ranar wankin ƙoda ce, Talata da Juma'a ake yi mata, kuma kafin a ɗora mutum a na'ura sai an auna nauyinsa. Kilo uku ta ƙaru daga Juma'a. Kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba a ɓoye wa sikeli komai. Sista ta dubi takarda, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Mai jinya, me ya faru?" Umma na kan keken tura marasa lafiya, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Na ce ni ce na yi kuskuren lissafi. Sista ba ta yarda ba, na gani a fuskarta, amma ta ce to a kula, ta wuce. Ashe ba daren jiya kaɗai ba ne. Na tuna safiyar Lahadi da na tarar da butar da sauƙin ɗauka na zaci yoyo take.

Awa huɗu ake yi a na'urar. Jini ya fita ta wata roba, ya bi ta matata, ya dawo ta wata, a hankali ana zare datti da ruwan da ya taru. Har yanzu ta wuya ake yi mata. Wannan robar ta wuya ita ta tsawaita mana zama, domin a mako na uku ƙwayoyin cuta suka shiga ta wurin, zazzaɓi ya rufe ta, sai da aka cire aka sa wata, aka yi ta allurai. Yanzu an yi mata ɗan aiki a hannun hagu, an haɗa jijiyoyi biyu don nan gaba a riƙa wankin ta nan, amma sai wurin ya ƙosa, kusan wata biyu. An ce kada a auna hawan jini a hannun, kada a ɗebi jini, kada ta kwanta a kansa. Kullum sai na ɗora yatsu a wurin in ji yana 'yar rawa kamar gurnanin kyanwa. In ya yi shiru, in ji likita, in zo da gudu.

Masu jinya ba ma shiga, a bencin baranda muke zama. Wannan bencin ya zama unguwa guda. Akwai dattijon da ya kawo ɗansa daga Gashuwa, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, akwai wata daga Nguru da mijinta, akwai mu 'yan Haɗeja gida biyu. In aka fara tambayar daga ina, sai ka ga rabin bencin daga gaɓar kogi ɗaya muka fito. Kowa da abin da ya ɗora wa laifi. Wani ya ce ruwan sha ne, wani ya ce maganin feshin gona, wani ya ce maganin da ake sa wa busasshen kifi da wake. Na Umma dai likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a riƙe shi da kyau ba, ga ƙwayoyin ciwon gwiwa da ta shekara tana saya a kemis, tana sha kamar gyaɗa. Da kuɗina aka sayi wasu. Wannan ban faɗa wa bencin ba.

Hirar kuɗi ce ta fi yawa. A 2025 aka sanar a rediyo cewa gwamnatin tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda daga naira dubu 50 zuwa dubu 12 a wasu asibitocinta, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya kawo mana labarin kamar albishir. Allah ya saka da alheri, ragi ragi ne. Sai dai wanda bai zauna a bencin nan ba bai san wankin kansa ɓangare ɗaya ne ba. Ga gwajin jini, ga allurar ƙarin jini da ake yi duk mako saboda ƙoda ce ke sa jiki ya ƙera jini, ga ledar jini in ya yi ƙasa sosai, ga kuɗin gado, ga safar hannu da auduga. Mai POS ɗin bakin ƙofa ya haddace fuskata, in ya hango ni sai ya ce, "Anti, nawa yau?" Filin Umma na bayan gari ya tafi tun mako na biyu. Ba ta sani ba, kuma na gargaɗi ƙannena cewa duk wanda ya faɗa mata ni da shi ne.

Dattijon Gashuwa ya ce shi dashe yake nema wa ɗansa, tunda tun 2002 ake yin dashen ƙoda a nan Kano, kuma ƙanin yaron ya ce zai bayar. Autanmu ma ya faɗi haka ranar da ya ba da jini. Umma ta ce in ya sake maganar ba ta yafe ba.

Wajen awa na uku aka leƙo aka kira ni. Jininta ya sauka, ƙafafunta sun ɗaure, tana ta salati. Haka yake faruwa in ruwan da za a zare ya yi yawa. Sista ta rage gudun na'urar, ta ce in murza mata ƙwauri. Ina murzawa ina jin naman ya yi tauri kamar icce. Na so in ce kin ga abin da buta ta jawo, Allah ya taimake ni na haɗiye.

Ƙarfe huɗu aka buɗe ƙofar dubiya. Yau mota guda aka yi daga gida, Gwaggo da Kawu da matan unguwa uku. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya sa kaffara ne." "Amin." Na faɗi da sauƙin nan ya fi sau dubu a kwana 43, har ranar da take sume ma shi na faɗa, don ba mu da wata amsar. Suka sauke kaya: ayaba, lemo, dabino, lemon kwalba katan guda, da dambun kifi. Babu ko ɗaya da za ta iya ci. Ayaba da lemo da dabino duk suna ɗauke da sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda har ya tsayar da zuciya, dambun kuma gishiri ne da magi, ga shi gishiri ke kiran ƙishirwa. Na yi godiya, na tura ƙarƙashin gado. Da dare zan raba wa masu jinyar ɗakin, yadda na saba. Umma ta bi dabinon da ido.

Sai Gwaggo ta jawo jarka daga cikin mayafi. Rubutu ne, malamin unguwarmu ya kwana yana yi, an wanke allo bakwai, ya ce a shanye cikin kwana uku. Jarkar ta kai lita biyu. Ta kuma fito da ƙullin sassaƙe, wai wata a Malam Madori da shi ta warke. Sassaƙen na ce a'a kai tsaye, don na ga yadda aka kawo wata gado na shida bayan ta sha irinsa. Rubutun ne ya tsaya mini a wuya. Yaya zan ce wa yayar mahaifina ayar Allah ta yi yawa? Na ce, "Gwaggo, za ta sha, amma da cokali." Ta ce, "Yau na ji ikon Allah, 'yar boko, rubutun ma sai an auna?" Kawu ne ya cece ni, ya ce albarkar ba a yawan ruwan take ba, a ba ta kaɗan, sauran a shafa mata. Na ɗauko sirinji na zuƙi 30, na zuba a murfin filas, Umma ta yi bisimilla ta sha, na rubuta a littafi. Gwaggo tana kallon biron nan kamar ta karya shi.

Da za su tafi, a baranda, Gwaggo ta kama hannuna ta damƙa mini kuɗi a dunƙule, ta ce, "Sannu da jinya. Kin rame." Ban san wannan kalmar nake jira ba sai da na ji hawaye. Na ce zafi ne.

Na kira gida bayan magariba. Abban yara ya ce ƙaramar ta ƙi cin tuwon maƙwabciya, babban kuma an ce a kawo kuɗin jarrabawa. Shugabar makarantarmu ta ƙara mini mako biyu, ta ce daga nan ba ta da iko. Ƙanwata za ta karɓe ni in ta yi arba'in, saura kwana goma sha ɗaya. Ita taushin zuciya gare ta, Umma na cewa ba ni za ta ba ta. Dole in zaunar da ita a gaban sikelin nan tukuna.

Matar Nguru ce ta koya mini dabarar ƙanƙara. In aka daskarar da ruwan, aka fasa ƙanana, mai ƙishirwa zai daɗe yana tsotsa, kuma sanyin yana kashe ƙishi fiye da kurɓa. Na je wajen mai shayin bakin titi na sayi leda ɗaya daskararriya, na naɗe a tsumma na daddaka da dutsen taimama, Allah ya yafe mini. Na lissafa abin da ya rage mata a yau, 120. Na zuba daidai a kofi.

Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Umma, ki yafe mini na daren jiya." Ba ta amsa ba. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kuma saba doguwar magana da ni ba, to ban sa ran jawabi ba. Ta ɗauki ƙanƙara ɗaya ta sa a baki, ta lumshe ido, ta daɗe. Can ta ce, "In kin kira gida gobe, ki tambaya ko ana cika randar nan." Na ce to.

Yanzu ta yi barci, hannun hagu a kan filo. An kawo wuta. Na ɗora yatsu, wurin yana rawarsa. Gutsure uku suka rage a filas, na ajiye mata na tsakar dare. Butar kuma na kai ta baranda, wajen takalma.