Abin da ɗan ƙanwata yake rubutawa a zaure

Ranar Asabar na je gaida ƙanwata, na tarar da babban ɗanta a zaure, waya a hannun hagu, biro a dama, yana ta rubutu a littafin makaranta. Har na fara sa masa albarka a zuci, na ɗauka karatun jarrabawa yake. Da na leƙa sai na ga darajojin hannun foka, wato wasan karta na caca, ne ya jera daga ƙasa zuwa sama: kati biyu masu lamba ɗaya, uku masu lamba ɗaya, biyar a jere, biyar masu alama ɗaya, har zuwa ƙololuwa. Ya ɗago ya ce, "Kawu, ba da kuɗi ba ne fa, na wasa ne, kyauta suke ba mu." Gabana ya faɗi, domin da wannan maganar ni ma na fara.

A Famagusta na koya, a Arewacin Saifurus, lokacin ina karatun digiri. Ƙasar cike take da gidajen caca, amma ban fara daga can ba. A ɗakin wani ɗan ajinmu ne, mu shida, kan tabarma, muna ƙirga da ashana. Texas Hold'em suke kiran irin wanda muke yi. Karta ce mai kati 52. A raba wa kowa biyu a rufe, a buɗe uku a tsakiya, a ƙara ɗaya, a ƙara na ƙarshe, kowa ya haɗa biyar mafi kyau daga nasa da na tsakiya. A kowane zagaye ko ka zuba, ko ka ƙara, ko ka ajiye katinka ka fita. Cikin dare ɗaya na haddace wannan. Cikin wata ɗaya ashana ta koma lira.

Ni dai ban shiga don kwaɗayi ba, har yau haka nake gani. Lissafin ne ya ja ni. Na san As biyu, wato katin da ya fi kowanne daraja, ba sa zuwa hannun mutum sai kusan sau ɗaya cikin rabo 221. Na san idan ina da kati huɗu masu alama ɗaya bayan an buɗe ukun farko, saura tara a cikin 47 da ban gani ba, damar in cike biyar kusan kashi 35 cikin ɗari ce. Abokaina suna wasa da zuciya, ni ina wasa da kai, kuma ina cinye su. Sai na ce wa kaina ai wannan ilimi ne, ba caca ba. Kowa a ɗakin ya san labarin Chris Moneymaker, akawun nan na Amurka da ya shiga gasar intanet da ƙasa da dala 100, ya ƙare da lashe dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Labarinsa muke maimaitawa. Ba wanda ya taɓa tambayar ina kuɗin ya fito, alhali daga aljihun waɗanda suka faɗi ne.

Da na koma yi a intanet na haɗu da abin da lissafina bai hango ba: la'ada. Daga kusan kowane tulin kuɗin da aka zuba, masu dandalin suna yankar nasu kafin a miƙa wa wanda ya ci. Ku zauna ku shida da ƙwarewa iri ɗaya har asuba, in an haɗa abin da za ku tashi da shi, ba zai kai abin da kuka zo da shi ba. Kuma waɗanda ke can ba 'yan ajinmu ba ne, mutane ne da wannan ce sana'arsu, suna jiran irina.

Daren da ya karya ni, As biyu ne a hannuna. Na tura duk abin da ke gabana, ɗayan ya bi ni da takwas biyu. Katin ƙarshe ya buɗe, takwas. Na san irin wannan na faruwa kusan sau ɗaya cikin biyar, na karanta, na rubuta a littafina. Sanin bai hana hannuna rawa ba. Ana kiran asuba a masallacin unguwa ina jin sa, ban tashi ba, na buɗe asusun da kuɗin makarantar zangon yake ciki, da niyyar in mayar da abin da na rasa kawai in rufe. Kafin hantsi babu ko lira. Kuɗin nan gonar mahaifinmu ce da aka sayar. Na ce masa an ƙara kuɗin makaranta ne, ya ce Allah zai rufa asiri, ya nemo. Ya rasu bai san gaskiya ba.

Wani lokaci nakan ce ai daidai na buga, kati ne ya ci amanata. Kuma gaskiya ne, daidai na buga. Sai dai wasan da za ka yi daidai kuma gonar ubanka ta tafi, me sunansa? Aya ta 219 a Baƙara ta ce a cikin giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, zunubin ya fi amfanin girma. A Ma'ida, aya ta 91, an ambaci gaba da ƙiyayya da kange mutum daga salla. Na haddace su tun a allo. Cikin mu shidan nan, biyu har yau ba sa magana saboda bashi.

Ku matasa, na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ba su da yawa. Ku goge manhajar foka daga wayarku. Kuɗin wasan da ake ba ku kyauta tarko ne, kuma ko fokar ba ya koya muku, tunda wanda ba zai rasa komai ba ba ya ajiye kati. Ranar da kuka sa kuɗin gaske, wani wasan ne daban.

Wanda ya riga ya tsunduma, kada ya ci bashi, kada ya bi sawun abin da ya rasa, ya koyi ajiye kati, don masu iyawa suna zubar da wajen huɗu cikin biyar na abin da aka raba musu. Ga shi na ce kada ku taɓa, kuma ina koya muku yadda ake yi. Ku bar wannan, ku riƙe ta farko. Ku da ba kwa iya zaman minti goma ba ku duba waya ba, ina za ku samu haƙurin? Mu sai da muka nemi ɗaki da abokai kafin mu lalace, ku kuwa a gado kuke kwance, kun gama da cacar ƙwallo kun dawo kan wannan, kowa na son mota kafin ya iya sana'a. Abin yana ƙona min rai.

Sannan ku faɗa wa wani babba tun asarar tana ƙarama. Ni ban faɗa ba.

Yaron ya goge manhajar a gabana, yana murmushin da ban yarda da shi ba. Littafin yana nan a hannunsa. Ban gaya wa uwarsa ba tukuna. Ranar Juma'a zan ɗauke shi mu tafi masallaci tare, a hanya in ba shi labarin gonar kakansa.