Asabar, kogin Elwha

Ƙafafuna har yanzu zugi suke yi wallahi. Yau mun je kogin Elwha ni da 'yan ajinmu, nan jihar Washinton ta Amurka kusa da garin Port Angeles, kuma mota ba ta kaiwa wajen tsohon dam ɗin Glines Canyon saboda ruwa ya cinye hanya, sai da ƙafa. Dam ɗin ma babu shi yanzu, sai guntun kankare a gefe da ruwa yana ta gudu can ƙasa cikin kwazazzabo, sanyi ƙarara, na tsoma hannu a hanya ban iya barinsa ciki ba.

Dam biyu ne a kogin, na ƙasa an gama shi 1913, na sama 1927, kuma ko ɗaya ba a yi wa kifi hanyar wucewa ba. Kifin da ke tasowa daga teku ya saka ƙwai kilomita 8 kacal aka bar masa, mutanen ƙabilar Klallam da kifin nan ne abincinsu suna ji suna gani. Sai 2011 aka fara rushewa aka ƙare 2014.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne kifin turawut. Shi fa ruwan sanyi yake so, in zafi ya yi sai ya haura sama, ƙwansa kuma cikin tsakuwa yake binnewa. To in ka datse kogi ka raba su gida-gida, 'yan kaɗan ɗin da suka maƙale a sama su yi ta haihuwa a tsakaninsu, ranar da fari ko gobarar daji ta same su shike nan, babu wasu da za su zo daga ƙasa su maye gurbi. Na Elwha sun yi sa'a, saman kogin yana cikin gandun dajin Olympic da gwamnati ke karewa, ba a taɓa shi sosai ba, turawut ɗin da aka tsare kusan shekara 100 suna nan, da hanya ta buɗe jikokinsu suka koma shiga teku suna dawowa manya-manya.

A hanyar dawowa malaminmu ya tsayar da mu kan wani kwalbati, bakinsa ya ɗaga sama da ruwan rafin, ƙaramin kifi ba zai iya tsallakawa ba. Raina ya ɓaci gaskiya, don irinsu sun fi dam yawa nesa ba kusa ba kuma ba wanda ke kallonsu. Sai da ƙabilun asali na yankin, irin su Klallam, suka kai jihar kotu, maganar ta je har kotun ƙoli a 2018, hukuncin jihar ta gyara kwalbatocinta ya tabbata. Litinin zan roƙi malam ya bar ni in yi aikin zangon nan a kan kwalbatoci.