Tsohuwar Deluxe Reverb: me za a canza, me za a ƙyale

A kasuwar tsofaffin amfilifaya (na'urorin ƙara sautin jita) masu bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti, da zarar an ce "ba a taɓa buɗe ta ba" sai kuɗi ya hau. Amma Fender Deluxe Reverb ta 1965 da ba a taɓa gyara komai a cikinta ba, ni dai ba zan bari a jona ta da wuta ba.

Wayar wutarta ta asali baki biyu ce, babu ta ƙasa, kuma akwai kwandansa (ɗan kayan da ke riƙe caji) mai 0.047 µF (ma'aunin girman kwandansa) tsakanin layin wuta da ƙarfen jikinta. Ranar da kwandansar ta lalace, wuta za ta bi wayar jita har tsirkiya, har yatsun makaɗi. A cire ta, a sa waya mai baki uku. Ga wanda ke Najeriya ko Nijar kuma, ƙirar Amurka ta bolt 117 ce, dole sai da taransifoma mai rage wuta.

Sai kwandansoci masu tace wuta, 16 µF, bolt 450, waɗanda ke ƙarƙashin murfin ƙarfe. Shekara 60 ta busar da su. Alamarsu gurnani a lasifika, ko kumburi da farin gari a bakinsu. Kafin hannu ya shiga, a zuƙe cajinsu ta rizista (ɗan kayan da ke rage gudun wuta), a auna da mita, domin sukan riƙe sama da bolt 400 bayan an zare fulogi. Kada a yi zalamar sa manya: bawul ɗin GZ34, wanda ke aiko musu da wuta, ba ya son fiye da 60 µF a matakin farko. Ƙaramar kwandansar bayas (sashen da ke daidaita wutar da bawul masu fitar da sauti ke ja) ma a canza ta, a kula cewa ƙafarta mai alamar + ce ke zuwa ƙasa. In ta mutu, bawul biyu na 6V6 za su yi jajir, wani lokaci su tafi da taransifomar fitar sauti.

Inda ake ɓarna shi ne wajen cire shuɗayen kwandansocin Ajax da ke kan allon da aka jera kayan ciki. Waɗannan ba kasafai suke lalacewa ba, kuma ta cikinsu sauti ke bi. A ɗaga ƙafa ɗaya a auna; in ba ta yoyon wuta, a mayar da ita mazauninta. Haka taransifomomi. Lambar 606 a jikinsu ta kamfanin Schumacher ce, lambobin da ke biye kuma shekara ce da mako: 606-5-32 na nufin mako na 32 a 1965. Mai saye na gaske nan yake fara haska tocila.

Huda ƙarfen jiki don ƙara makunnin murya kuwa, ba ya gyaruwa. Duk sauyin da za a yi, ya kasance wanda ayan (ƙarfen narka dalma) da dalma za su iya warwarewa. Tsofaffin kayan da aka cire a zuba su a leda, a rubuta rana da gurbin kowanne, a ajiye a bayan akwatin.