Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar zaɓe a Hargeisa da akwatin da bai kai Las Anod ba

Wancan makon na tsaya a kan Berbera da jiragen raguna, na ce zan ɗora da kasuwar dabbobi ta Burao. Sai ga Yaya Habu ya sake tsokano ni ranar sunan jikar Ladidi, wai mutanen Somaliland, yankin da ya ɓalle daga Somaliya, sun fi mu, tunda can shugaba mai ci yana faɗuwa zaɓe ya tattara kayansa ya tafi. Yaya, gaskiya ka faɗa, amma rabinta. Sau 2 aka yi haka, a 2010 da 2024. Abin da ba ka faɗa ba shi ne tun bayan na 2003 ba a taɓa yin zaɓen shugaban ƙasa a ranar da aka fara sawa ba.

Inna Delu, Allah Ya jiƙanta, takan ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. To a Hargeisa, babban birnin Somaliland, uwar ɗiyar ce ke riƙe da kalanda.

Ga lissafin. A watan Afrilun 2003 Dahir Riyale Kahin ya kayar da Ahmed Silanyo da ƙuri'a 80 kacal, Silanyo ya je kotu, ya sha kaye, ya haƙura. Wa'adin Riyale ya cika a 2008, ba a yi zaɓe ba sai 26 ga Yunin 2010. Na Silanyo ya cika a 2015, aka kai 13 ga Nuwamban 2017. Na Muse Bihi ya cika a ƙarshen 2022, aka kai 13 ga Nuwamban 2024. Kowannensu ya ci rarar shekara 2 ko fiye. Majalisar wakilai ma ba a magana: an zaɓe ta a 2005 don ta yi shekara 5, ta zauna har ƙarshen Mayun 2021. Wasu a kan kujerar suka rasu.

Yaya yakan kawo misalin ɗage zaɓenmu na 2015 da aka yi da mako 6. Ba ɗaya ba ne. Namu an matsar da ranar jefa ƙuri'a, amma 29 ga Mayu tana nan daram. Can wa'adin kansa ake ja.

Mai jan wa'adin ita ce majalisar dattawa, Guurti, mai mutum 82. Asalinta dattawan da suka sasanta ƙabilu ne bayan yaƙin da aka yi da Siad Barre, tsohon shugaban Somaliya, su suka zauna a Borama a 1993 suka ɗora Mohamed Ibrahim Egal a kujerar shugaba. Ba mai musun cewa da ba dominsu ba da Hargeisa ta zama wata Mogadishu. Amma tun daga lokacin ba a taɓa zaɓen Guurti da ƙuri'ar jama'a ba. Idan dattijo ya rasu, wani daga gidansa ke hawa kujerar. Sashe na 83 na tsarin mulkin 2001 ya ba su ikon ƙara wa shugaba wa'adi idan matsalar tsaro ta hana zaɓe. Tsaro kawai aka rubuta. A aikace kuwa fari ya shiga ciki, rashin kuɗi ya shiga, rajista ta shiga, har rikicin naɗa 'yan hukumar zaɓe su 7.

Yadda abin ke tafiya kusan kullum salo ɗaya ne. Ana saura 'yan watanni sai a ga rajista ba ta kammala ba, ko majalisa ba ta gama gyaran dokar zaɓe ba. Hukumar zaɓe ta fito ta ce tana buƙatar ƙarin lokaci. Maganar ta je gaban Guurti, su kuma su ba da fiye da abin da aka roƙa. Na 2022 ya fi kowanne fitowa fili. Hukumar ta ce wata 9 ya ishe ta. Ranar 1 ga Oktoba dattawa suka ƙara wa Bihi shekara 2, suka ƙara wa kansu 5. Wanda ake kai wa ƙarar ɗage zaɓe shi ma ɗagewar ce ke tsare masa kujera, to wace kunya uwar ɗiya za ta ji?

Akwai kuma ƙullin jam'iyyu. Doka ta ce jam'iyyu 3 kaɗai za su kasance a ƙasar, don kada kowace zuriya ta buɗe tata. Lasisinsu na shekara 10 ne, in ya ƙare sai a buɗe fage, sababbin ƙungiyoyi su kara da tsofaffi, 3 na gaba su tsira. A 2002 UDUB da Kulmiye da UCID suka fito. A 2012 UDUB ta ɓace, Waddani ta shigo. Sai aka yi rashin sa'a, lasisin da wa'adin shugaba suka zo ƙarewa tare a ƙarshen 2022. Ɓangaren Bihi ya ce a fara zaɓen jam'iyyu. Waddani da UCID suka ce a'a, a fara na shugaba, don suna tsoron a watsa musu magoya baya cikin sababbin ƙungiyoyi kafin a kai ga babbar kujera. A kan wannan aka fita zanga-zanga ranar 11 ga Agustan 2022 a Hargeisa da Burao da Erigavo, aka kashe aƙalla mutum 5. Daga ƙarshe dai rana ɗaya aka yi duka biyun, takarda 2 a hannun kowane mai zaɓe, abin da za a iya yi tun farko. UCID ta faɗi, Kaah ta maye gurbinta.

Batun rajista shi ne wanda na fi so mutanenmu su fahimta, don nan ne ake samun uzuri na gaskiya da na ƙarya a cakuɗe. A 2008 aka fara rajista da hoton yatsa. Kowace zuriya ta ɗauki abin a matsayin ƙidaya, wato wanda ya fi yawa a takarda shi zai fi samun rabo. Aka riƙa kwasar mutane a motoci daga wannan gari zuwa wancan, ma'aikata da yawa suka bar ɗaukar yatsan, jimilla ta haura miliyan 1.3, ba wanda ya yarda da ita. Ana tsaka da wannan aka kai harin bam Hargeisa ranar 29 ga Oktoba, aiki ya tsaya. Tace wannan jerin ne ya cinye shekara 2. A 2012 aka yar da shi gaba ɗaya, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da tawada kaɗai, matasa suna goge yatsa suna komawa layi.

A 2016 aka koma ƙwayar ido. Mutum ya zauna, a kara masa na'ura a fuska, a ɗauki idonsa da hotonsa, a ba shi 'yar takarda. Sai a tura bayanan Hargeisa, kwamfuta ta gwada kowane ido da sauran, ta fitar da wanda ya yi sau 2. Sannan a buga kati a mayar wurin da aka yi rajistar, mutum ya dawo da ƙafarsa ya karɓa. Wannan dawowar ita ce matsalar. Makiyayi ya yi rajista a bakin rijiya lokacin damina, kafin kati ya iso fari ya kore shi da raƙumansa zuwa gaɓar teku ko cikin Habasha. Sama da mutum 870,000 suka yi rajista, kimanin 704,000 suka karɓi kati. Farin 2016 zuwa 2017 gaskiya ne, dabbobi sun mutu ba adadi, ɗage zaɓe daga Maris zuwa Nuwamba yana da hujja. Amma wa'adin Silanyo tun 2015 ya ƙare, fari bai zo ba tukuna.

In an kai ga ranar kuwa, sai ka yaba musu. Lokacin kamfe kowace jam'iyya da ranarta, yau gari ya cika da ruwan lemo na Waddani, gobe rawaya da kore na Kulmiye, don kada a yi arangama. Ranar zaɓe ba motar da ke motsi sai mai lamba ta musamman. Titin da ka saba gani a cushe sai awaki. Mata layinsu daban, maza daban, tun asuba. Ɗaliban jami'a ake ɗauka aikin rumfa, a kai su yankin da ba nasu ba.

To amma akwatin nan ina yake tsayawa? Nan ne Yaya ba ya son a je.

Taswira 2 ce a kan ƙasa ɗaya. Hargeisa ta ce iyakarta ita ce ta mulkin Birtaniya, wadda Ingila da Italiya suka shata a 1894, wadda ta samu 'yanci da ita ranar 26 ga Yunin 1960 kafin ta haɗe da kudu bayan kwana 5. Da ita ta ɓalle ranar 18 ga Mayun 1991. Puntland kuma, yankin Somaliya mai cin gashin kansa da aka kafa a Garowe a 1998, ta jini take bi: duk inda zuriyar Harti take, wato Majerten da Dhulbahante da Warsangeli, nata ne. Yankunan gabas, wato Sool da gabashin Sanaag da Buhodle, suna cikin taswirar farko ta fuskar layi, suna cikin ta biyu ta fuskar dangi. Mafi yawan mutanen tsakiyar Somaliland Isaaq ne, su aka yi wa ruwan bama-bamai a 1988, su suka fi son ɓallewa. Dhulbahante da yawa ba su taɓa ganin dalilin rabuwa da Somaliya ba.

Don haka Hargeisa ba za ta iya cewa ta bar gabas ba, in ta bari hujjar iyakar Turawa ta rushe. Kuma ba ta iya kai akwati ko'ina a can. A majalisar wakilai Sool na da kujera 12, Sanaag 12, cikin 82. An yi rabon ne a kan ma'aunin 1960 saboda babu ƙidayar da kowa ya amince da ita, kuma mutanen Awdal da ke yamma, masu kujera 13, sun daɗe suna kukan an tauye su. Wannan gardamar kaɗai ta taimaka wajen riƙe zaɓen majalisa shekara da shekaru. Idan aka yi zaɓe a yammacin Sool aka kasa yi a gabashi, kujerun yankin sai su karkata ga waɗanda akwati ya isa gare su.

Las Anod, babban garin Sool, ta sha canza hannu. Puntland ta kama ta a ƙarshen 2003, Somaliland ta ƙwace a Oktoban 2007. A 2012 Dhulbahante suka kafa gwamnatinsu, Khatumo, a Taleh, masu cewa ba Hargeisa ba Garowe. Shugabanta Ali Khalif Galaydh ya sa hannu a yarjejeniya da Hargeisa a 2017, ba a aiwatar da ita ba har ya rasu. A 2018 Somaliland da Puntland suka gwabza a Tukaraq. Duk da haka a 2021 an yi zaɓe a Las Anod, har ɗan garin, Abdirisak Khalif, ya zama kakakin majalisa. A lokacin ne ya kamata a riƙe mutanen nan da hannu biyu. Maimakon haka kashe-kashen manyan gari da aka yi ta yi shekaru ba a gano masu yi ba suka ci gaba.

Na koma 2022, don kwanakin suna da muhimmanci. Ranar 13 ga Nuwamba 'yan adawa suka ce ba su ƙara sanin Bihi a matsayin halastaccen shugaba ba. Mako 6 bayan haka, 26 ga Disamba, aka harbe wani matashin ɗan siyasar Waddani, Abdifatah Hadrawi, a Las Anod. Gari ya tashi, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe mutane wajen 20. A Janairu sojoji suka janye zuwa bayan gari, babban basaraken Dhulbahante, Garad Jama Garad Ali, ya dawo gida bayan shekaru, sarakunan Dhulbahante suka zauna taro. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 suka shelanta cewa su 'yan Somaliya ne, a ranar aka fara luguden wuta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 185,000 suka bar gidajensu cikin makonnin farko. An buga asibiti. Kakakin majalisar nan da kansa ya bar Hargeisa ya koma wurin danginsa.

Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: shugaban da ke zaune a kan wa'adin aro ba ya iya sassauci. In ya ja da baya a ce ya sayar da ƙasa, in yaƙi ya daɗe kuma ga sabon uzurin tsaro a ƙarƙashin sashe na 83. Rana ba ta ƙarya, in ji Inna, sai dai wannan karon ba uwar ɗiya ce ta biya ba. Ana cikin yaƙin gabas wasu masu ɗauke da makamai suka hau dutsen Ga'an Libah suna neman a yi zaɓe, suka kashe 'yan sanda. Ranar 25 ga Agustan 2023 sansanin sojin Somaliland na Goja'ade da ke gefen Las Anod ya faɗi, aka kama ɗaruruwan sojojin Somaliland, sauran suka ja da baya zuwa Oog, wajen kilomita 100 yamma. A cikin watan nan ne kwamitin dattawa ya tsayar da ranar zaɓe, kowa ya karɓa. Shekara guda ana gardama, sai da aka rasa gari.

Zaɓen 2024 ya tafi lafiya, Abdirahman Irro na Waddani ya samu kusan kashi 64 cikin 100, Bihi ya miƙa mulki a Disamba. Wannan Yaya ya gani a labarai. Ba a kai akwati Las Anod ba. Mogadishu ta amince da gwamnatin da aka kafa a Las Anod, SSC-Khatumo, tun Oktoban 2023, firaminista Hamza Abdi Barre ya je garin a Afrilun 2025, daga baya aka mai da ita jihar Arewa maso Gabas. Puntland da ta taimaka musu a yaƙi ba ta ji daɗin haka ba, don sabuwar jihar na kallon gabashin Sanaag da ita ma take iƙirari. Masu da'awa sun zama 3. Erigavo kuwa, inda Isaaq da Harti ke cin kasuwa ɗaya, an yi faɗa a cikinta a Disamban 2024, iyalai da yawa suka fita.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma Burao da dillalan da ke ciniki da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Yaya, in kana da amsa ka rubuto, kada ka jira wani sunan.