Game Boy a Gindin Darbejiya

Jiya na ga wata tsohuwar na'urar wasa a kasuwa, sai na tuna zamanin da muke sakandare. Da an kaɗa ƙararrawar tara, sai mu ruga gindin darbejiya mu kewaye wani ɗan ajinmu da yayansa ya kawo wa Game Boy, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1989. Tetris, wasan jera tubala masu faɗowa, muke bugawa, kuma wanda ya sayo batura huɗun da take ci shi ke farawa. Allonta ba shi da haske, sai an karkata shi wajen rana. Kuɗin ƙosaina da yawa a batir suka ƙare, har ranar da wani malami ya ƙwace ta, bai mayar ba sai ƙarshen zango.