Injin ya fi ƙarfin ƙafafun motar

Ni bakanike ne, na yi shekaru a gareji a Kano kafin Allah ya kawo ni Tennessee a Amurka, kuma wallahi ranar da na fara ganin motocin nan da suke kira rok bansa na ɗauka masu su ba su da cikakken hankali. Mota ce ba bodi ba gilashi, bututun ƙarfe kawai aka yi wa walda kamar keji, a dasa inji, a sa tayoyi masu inci 42 ko 43, sai mutum ya fuskanci dutse a tsaye ya taka totur har ƙasa, motar tana tsalle tana dukan duwatsu har ta haye ko ta wuntsilo. Maigidana na gareji shi ya ja ni zuwa Windrock, wani wajen hawan duwatsu da mota a nan Tennessee, wani ƙarshen mako, daga nan fa na kamu.

Da muka tashi haɗa tamu ni na dage kan inji. Muka je wajen masu sayar da matattun motoci muka ciro LS mai lita 6.0 daga wata tsohuwar a-kori-kura ta Chevrolet, irin injin da kowa ke sawa saboda araha kuma kayan gyaransa ko ina akwai. Yadda ya fito daga kamfani ƙarfin doki wajen 300 ne, ni kuwa sai da na canza masa kamshaf na ƙara masa wuta, muka haɗa shi da giya TH400, lagireto muka mai da shi baya don kar dutse ya fasa shi. Kuɗin duk ya ƙare a nan. Da aka zo maganar ƙafafu sai na ce a lallaɓa da aksil Dana 60 da muke da shi a ajiye, da shokazoba mai iskar naitirojin tunda ba ta da tsada. Maigida ya kalle ni ya yi dariya, bai ce komai ba.

Fitarmu ta farko hawa na uku aksil na gaba ya karye, ji kake ƙas! Ashe lokacin da taya take sama tana juyawa da gudu, in ta dira kan dutse ta kama, duk ƙarfin nan cikin sandar aksil yake komawa, ni kuma ban ɗaga ƙafa daga totur ba, laifina ne. Shokazoban ma da ta yi zafi sai ta riƙa cilla mu sama kamar an hau jaki mai tutsu, a gangare kuma tana tura motar gefe, gabana ya faɗi ba sau ɗaya ba.

Sai da muka yi wata biyar muna tara kuɗi. Muka sayo aksil na Rockwell irin na tsofaffin motocin soja masu tan biyu da rabi, giyarsa 6.72, wato sai farfela ta juya sau 6.72 taya ke juyawa sau ɗaya, nauyi kam kamar tsiya, mutum biyu ba sa ɗaga shi, amma ba ya jin duka. Muka sa koyil-oba, wato shokazoba mai sifirin a jikinta, mai tafiyar inci 16 da sifirin biyu a kowace ƙafa, da madaurin da ke hana ƙafa zazzagowa fiye da kima. Saitin shi ya fi cin rai, a kwance a canza sifirin a gwada a sake kwancewa, Asabar huɗu muka yi a kai.

Wani abu da ban taɓa tunani ba, baƙin mai. In mota ta miƙe tsaye man yana gudu bayan kasko famfo ya ja iska, saura kaɗan injin ya yi nokin, sai da muka sa kasko mai shinge a ciki.

Injin nan dai har yau ban ƙara masa komai ba. Watan jiya na haye dutsen da ya karya mana aksil, rabin totur ma ban kai ba, maigida yana ƙasa yana ta ɗaga min hula.