Bindigar katako da muka yi wa masu fim

Shagona na kafinta ne da walda, ni da yara uku. Kujeru da ƙofofi ne ke ci da mu, amma lokaci-lokaci masu shirya fim kan kawo aikin kayan wasan fim. Bara wani ya zo da tsohon hoto, yana son bindigar Bren, wata bindiga mai sarrafa kanta ta sojojin Ingila, guda biyu na katako, don labarin sojojinmu da suka yi yaƙin Bama.

Na karɓi aikin da zuciya ɗaya, domin kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai can. Runduna ta 81 da ta 82 ce suka gwabza da Japanawa a yankin Arakan a 1944 da 1945.

Asalin bindigar daga Cekoslobakiya ne, ƙirar Václav Holek ta birnin Brno. Ingila ta gyara ta, ta soma ƙera ta a Enfield a 1937. Farkon sunayen garuruwan biyu aka haɗa ya ba da Bren. Nauyinta ya kai kilo 10, tana tsayawa kan ƙafafu biyu, mutum biyu ke aiki da ita.

Gidan harsashin ne ya ba mu wuya. A saman bindigar yake, a lanƙwashe kamar ayaba. Babban yarona ya yanko shi a miƙe, ya ce, "Oga, ai a kyamara ba mai ganewa." Na ce masa akwai dattawan da suka san ta, a sake. Lanƙwasar nan da dalilinta: harsashin .303 yana da baki mai faɗi a gindi, idan aka jera 30 dole layin ya karkata. Kuma tunda gidan ya tare tsakiya, sai aka matsar da saitin gefen hagu. Mariƙin da ke kan bututun ma ba na ɗauka kaɗai ba ne, da shi ake zare bututun idan ya yi zafi a sa wani.

Da madaci muka yi jikin. Bututun kuwa fayif ne da na toshe da walda, ba abin da zai bi ta cikinsa. Mun goge da samfefa, muka shafa baƙin fenti, na kankare gefuna don ta yi kamar ta sha hannu. Kwana tara muka yi. Ranar da aka zo ɗauka na sa ɗan wasan ya kwanta rub da ciki a ƙofar shago, na gyara masa kafaɗa har idonsa ya daidaita da saitin hagun.